Hanyar Ruwa a Kan Buhun Siminti

Amumun ya shekara ashirin a duniya kafin ya ga ƙofa mai makulli. An haife shi a gindin duwatsun Abzin ta wajen yamma, gaba da Gugaram kaɗan, inda fili yake ƙarewa dutse ya miƙe baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Baƙo in ya hango wurin daga mota sai ya rantse babu mai numfashi a ciki. Amumun kuwa ya san kowace ƙorama, kwarin yashin nan da ke kwance a bushe wata goma sha ɗaya, ranar da hadari ya zuba a kan dutsen Tamgak kuma ya taso da jan ruwa yana jan itace da raƙumi, alhali kai inda kake rana ake ƙwallawa. Ya san inda ragon dutse yake sauka lasar kanwa, da falalen da rema ke shan hantsi, da kwazazzabon da gwaggon biri ke gangaro wa mutum tsakuwa. Kakansa ya ci ƙwan jimina a filin da ke ƙasa. Shi ɓawon kawai ya tarar, a farfashe cikin yashi.

Gidansu suna da ajiya guda. Tafiyar yini biyu daga zangonsu, can cikin wani tsagi, akwai kwarmi a jikin dutse mai zurfin mutum uku. Bangon dutse ya rufa masa asiri ta kowane gefe, rana ba ta leƙa shi sai da tsaka, ita ma na ɗan lokacin sallah raka'a huɗu. Ruwan damina ɗaya yakan shekara uku a ciki. Ba su raɗa masa suna ba, "wurin" kawai suke cewa, kuma ba a kai dabba can sai rijiyoyi sun ƙafe. Mai ƙishirwa kam ba a ɓoye masa ruwa, ko da shi ya kashe ubanka. Sai dai akwai yadda ake yi. Ka durƙusa, ka zana masa hanya da yatsa a kan yashi, ya kalla har ta shiga kansa, sannan ka shafe da tafin hannu.

Farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu ya cinye raƙumansu, ya haɗa da ubansu. Wurin ya tsirar da 'yan awaki, waɗanda ba za su riƙe baki uku ba. Amumun ya bar su ga uwarsa da yayarsa Dassin, wadda mijinta ya tafi arewa neman aiki bai dawo ba, shi ya gangaro Arlit. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ya taho ne don nono ya ishe su. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Ya gaji da jan mushe, kuma tun yana kiwo yake hango hasken garin a sararin yamma yana jin wani abu na taɓa masa ƙirji.

Ya kafa bukka a bayan gari da kwali da ganga fasasshiya, kamar sauran waɗanda fari ya koro. Sai sa'a ta zo. Masu binciken ƙasa, masu neman yuraniyom a gindin duwatsu, suna son ɗan jagora. Shekara huɗu yana zama a gidan gaban motarsu, injiniyoyi masu tabarau suna buɗe taswira a cinya suna cewa, "Amumun, nan fa?" Ya nuna musu rijiyoyi da mashigai da inda yashi ke haɗiye taya. Wurin ne kaɗai bai nuna ba, a lokacin bakinsa cike yake da abin faɗa, bai buƙata.

Daga nan kasuwar ƙarfen ta faɗi, aka tsayar da bincike. Ya koma gadin wani sito na siminti a bakin tasha, da sanda da kujerar ƙarfe. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta koma wurin danginta. Shekara biyar babu wanda ya tambaye shi komai sai ko maigida yana ciki.

A shekarar da tawaye ya rufe duwatsu, damina ma ta ƙi. Shingen sojoji ya cika hanya, mai rawani ya zama abin kallo da wutsiyar ido. Wani makiyayi ya kawo masa saƙon Dassin cewa rijiyarsu ta fara ba da laka, in zafi ya tsananta za ta ɗora Inna a jaki su nufi wurin.

Kwana kaɗan bayan saƙon, da la'asar, yana zaune a teburin Kalilu mai shayi, wani mutumin Tawa da ke kasa kayansa a barandar siton. Akwai Fatahu, direban babbar mota daga Damagaram, cikin masu ratsa duwatsu da kaya zuwa arewa don kauce wa shinge.

"Buzu," in ji Kalilu yana fifita gawayi, "wai mi ku ka gani cikin duwatsun ga har ku ka ɗau bindiga? Ko tsuntsu za shi bi ta can sai ya riƙa guzuri."

"Ni ban ɗauki bindiga ba, Ba'adare. Sanda nake da shi, shi ma na maigida ne."

"To ƙasarku dai Allah ya gama halitta ya zubda toka nan."

"Rabu da shi, Kalilu," Fatahu ya ce a hankali, yana juya cokali. "An ce da can shi ke nuna wa Nasara hanya. Amma an kwana biyu, kan mutum kuma ba ya ajiya har abada. Ni da na bi ta sau tara na sani, daga rijiyar ƙarshe babu ɗigon ruwa sai bayan kwana huɗu."

"Akwai," in ji Amumun.

"A mafarki."

"Na ce akwai. Na sha shi, ubana ya sha shi."

"Kowane Buzu haka ya ka cewa," Kalilu ya yi dariya. "Ka ce ya gwada, sai ya gwada maka sama."

Amumun ya durƙusa. Yatsansa ya taɓa ƙasa ya ji siminti, babu yashi a barandar. Sai ya jawo yagaggen buhu daga bakin sito, ya ɗauki gawayin da bai kama ba. Ga ƙorama, ga inda ta rabu biyu a gindin wata tsohuwar aduwa, ga dutse mai kama da raƙumi a gurfane, ga inda farin dutse ya ratsa baƙi kamar jijiya. Ya ƙara da cewa mota ma tana iya kaiwa bakin tsagin in an bi gefen hagu, inda tsakuwa ta fi yashi. Da ya gama, hannunsa da kansa ya shafi takardar kamar yadda aka koya masa. Gawayin ya ɗan baje, layukan suna nan.

Fatahu ya matso da kujera. "Malam Amumun, nan fa? Dama ko hagu?"

Rabon da a yi masa tambaya irin wannan tun yana gidan gaba. Ya amsa, ya sake amsawa, har aka kira magariba. Yana kallo Fatahu ya ninke takardar ya sa a aljihu, yana kuma kallon kofin shayin da ke ɗaya hannun mutumin, cike, da madara. Kalma biyu ce, ba ni. Bai faɗa ba, don in ya faɗa za a daina ce masa malam a gaban Kalilu.

Ya gaya wa kansa mota ɗaya ce, kwarmin kuma zurfin mutum uku ne. Da ya ga wani direba daban yana sauke ganguna masu ruwa kore-kore da gansakuka, ya kau da kai. Da ya ji yaran mota suna maganar dutse mai kama da raƙumi, ya ce ai duwatsu suna kama da juna. Sai da mako bakwai ya cika, zafi ya kai inda ƙarfen kujerarsa ba ya taɓuwa, sannan ya roƙi maigida hutu, ya hau motar Gugaram, ya ƙarasa da ƙafa da salka biyu a kafaɗa.

Tun daga gindin aduwar ya ga sawun taya, wani a kan wani kamar hanyar kasuwa. A bakin tsagin akwai gwangwanayen kifi, da guntun tiyo, da baƙin tabon da injin jan ruwa ya bari a kan dutse. Ya leƙa kwarmin. Laka ce a ƙasa, da ɗan ruwan da bai kai idon sawu ba, gazuwal, man injin, yana sheƙi a kansa. Wani ragon dutse ya gangara ya kasa fita, ya kumbura a ciki. A waje kuwa awaki ne a kwance, ya gane tsagar kunnensu, ta gidansu ce.

Ya bi sawun jaki yini guda ya iske Dassin a ƙarƙashin wata bagaruwa. Ta tona yashin ƙorama har kafaɗa tana tarar abin da ke tsattsafowa da ƙoƙo. Awaki shida ne a gefenta. Can gaba kaɗan akwai tarin duwatsu sabon jeri, tsawon mutum.

Ta sha daga salkarsa, ta ba awakin, sannan ta yi magana da Tamajak, harshen gidansu.

"Mu uku muka san wurin. Ɗaya ga ta can."

"Yaya, tambayata aka yi."

"Ƙishirwa yake ji?"

Amumun ya kalli tarin duwatsun. Ƙarya tana nan a bakinsa, gajeriya, kuma babu mai ƙaryata shi a duk faɗin Abzin.

"Shayi yake sha," ya ce.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta ɗaura igiyar jaki ta bi shi Arlit, don awaki shida ba sa riƙe mutum a dutse. Ya tare Fatahu a tasha sau ɗaya. Mutumin ya yi masa ta'aziyya da hannu biyu, ya ce ruwa ai na Allah ne, kuma shi ganga huɗu kawai ya ɗiba, sauran waɗanda suka kwafi takardar ne. Amumun ya yarda ganga huɗun gaskiya ne.

Dassin ta zauna a bukkarsa tana saƙa tabarmin kaba tana kaiwa kasuwa. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa rawani, ranar da tari ya kwantar da shi ita ta kai shi likita. Sai dai tun daga gindin bagaruwar nan ba ta ƙara yi masa Tamajak ba. Da maƙwabta takan yi, har da dariya. Shi kuwa sai Hausar kasuwa, wadda ta koya tana da furfura. "Maigadi, ga abinci." "Maigadi, ana kiranka."

Bayan an yi sulhu aka samu damina biyu masu kyau a jere. Masu zuwa daga duwatsu suka ce ciyawa ta kai gwiwa a ƙoramu, kwarmin ma ya cika ya batse. Wata safiya ya tsuguna kusa da ita tana fere kaba, ya ce da harshen gida zai bar gadin, ya sayi tunkiya biyu su haɗa da awakin su koma.

Ba ta ɗago ba. Da Hausa ta amsa.

"Kai ka tafi in kana iyawa. Hanyar wurin ta kan kabarin Inna take bi."

Motar ma'aikatan ma'adini ta wuce tana hon. Ya ɗauki sandarsa ya nufi sito, inda ya ƙara shekara goma sha ɗaya a bakin ƙofa.