Gidan da Ke Nutsewa a Gonar Inna

Gonar albasar Inna tana bakin tafki, a irin wurin nan da ruwa ke rufewa rabin shekara, ya janye rabin shekara. Da ita ta ciyar da mu tun bayan rasuwar Baba. In ruwa ya cika, wurin na masunta ne, in ya ja baya, na Inna ne. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa gardama.

Sai garin Yelwa ya fara miƙe ƙafa ta wajenmu. Kowa ya zama dillalin fili, har mai wankin babur. Baffa, ƙanin Baba, wanda bai taɓa sunkuyawa ya cire ciyawa ɗaya a gonar ba, ya jira ruwa ya janye ya sayar da ita ga wani mai shagon atamfa. Na yi fushi ƙwarai, kuma har yau ban huce ba.

Abin haushin, mai atamfar ya san tafkin sarai. Ya ce ai gari na zuwa, ruwa ne zai yi haƙuri. Ya zuba harsashi, ya ta da bulo iya gwiwa. Ruwa ya dawo a lokacinsa, tarwaɗa ta tare a falo. Da ya sake janyewa, mutumin ya sayar wa wani malamin asibiti, shi kuma ya ƙara bulo ya sayar wa direban tanka. Kowane mai saye kan ƙara wani abu don na gaba ya ga ana aiki. Direban ya kafa ƙatuwar ƙofar ƙarfe, babu katanga ko ta gefe ɗaya. Masunta suka ji daɗinta, suna ɗaure jiragensu a jiki.

Shi direban ne ya kai ƙara wurin maigari, wai ana kamun kifi a ɗakin kwanansa. Maigari ya saurare shi a tsanake, ya yanke cewa ƙasa ya saya, bai sayi ruwan da ke kanta ba. In yana son shiga gidansa kafin ruwa ya ja, ya nemi izinin sarkin ruwa kamar kowa. An yi ta dariya a ƙauye, ni ma na yi.

Inna ba ta yi ba. Shekarun nan duka a gonar mutane take dashe. Da ruwa ya ja a bara, ta ga laka mai kyau ta kwanta cikin ɗakunan, ta aike ni in roƙi direban ya bari ta shuka. Ya yarda da murna, da sharaɗin ta riƙa kula masa da ƙofar kada a sace.

Na same ta da hantsi a durƙushe cikin falon, tana dasa iri a jere. Na ce mata ta tashi mu tafi, wannan wulaƙanci ne, zan nema mata wani wuri a tudu. Ba ta ɗago ba.

"Tudu bai san ni ba," in ji ta. "Nan ubanku yab bar ni. In mai gida ya zo, ka ce mishi maigadi na nan."