Hauni

Mahaifina Mainasara mai yasar rijiya ne. Daga Kwargaba har Goronyo, duk rijiyar da ta ƙafe shi ake aika wa. Shi ya sa lokacin da Turawa suka tada hanyar mota ta gefen ƙauyenmu, aka danƙa masa injin yashe kwalbati.

Kwalbatin nan kuwa, Allah wadaran wanda ya auna shi! Ruwan unguwarmu duka ta nan yake fita zuwa fadama, amma suka yi masa baki kamar na tulu. Kara ya shiga, yashi ya bi, shi ke nan ya toshe. In ya toshe kuma ruwa ya dawo mana, gidanmu ne na farko, da rumbun geronmu a bakin katanga.

Injin ba wani abin a zo a gani ba ne. Gangar ƙarfe ce da doguwar waya naɗe a ciki, kan wayar da ƙugiya, sai mariƙi da ake juyawa da hannu. Amma Baba ya riƙe shi kamar jinjiri. In ya gama aiki sai ya warware wayar kaf, ya wanke, ya shanya, ya shafe ta da man gyaɗa, don man da aka ce za a aiko daga ofis ko ƙamshinsa ba mu ji ba. Inna har gori take masa: "Malam, ni ban samu na miya ba, ƙarfe ya samu." Shi da kansa ya gano lagonsa. In waya ta cije a ciki, ba a yi mata ƙarfi. A juya hagu sau uku, a ja baya kaɗan, sannan a koma dama.

To, mu Sakkwatawa hagu ita ce hauni. Haka muka tashi muka ji. A wasu wurare kuwa, in an ce hauni, mai sare kan mutane ake nufi.

Ana gab da damina sai ga Baturen hanya ya zo duba aiki, da dogari a bayansa, da tafintansa Sale, wani baƙo daga gabas mai hula a karkace. Ni ina wurin, na kawo wa Baba fura, ina goye da ɗana na fari. Baba ya zura waya, ta yi nisa, ta cije. Kafin ya gyara tsayuwa Bature ya ture shi ya kama mariƙi, ya hau juyawa dama da iya ƙarfinsa. Wayar ta fara ƙara. Baba ya san kukan nan, na tsinkewa ne. Ya cafke wuyan hannun Bature yana cewa, "Hauni! Hauni, Bature! Hauni!"

Bature ya yi ja wur, ya tambayi Sale abin da ake faɗi. Sale ya yi masa Turanci, sannan ya ja yatsa a maƙogwaronsa. Wallahi da idona na gani.

Baba ya ce, "Mi nic ce? Yaro, mi kac ce mishi?"

Sale ya ce, "Tsoho, kai ka kira masa hauni, kowa ya ji."

Kowa ya ji mana! Mutum ashirin a tsaye, dukansu sun san abin da Baba yake nufi, amma aka rasa namiji ɗaya da zai ɗaga hannun hagu ya nuna. Sun ga dogari, kowa ya sunkuyar da kai. Ni na buɗe baki, aka ce mace ta yi shiru. Shi kuwa Sale, in bai sani ba, mi ya hana shi tambaya? Girman kai ne kawai, kada a ce malamin Bature bai iya Hausa ba.

Aka tafi da Baba, wata biyu a tsare. Inji aka ba wani mutum wai shi Yari, wanda ko guga bai taɓa zurawa a rijiya ba. Rana ta uku waya ta cije masa, ya yi ta murɗa dama har ta tsinke, rabinta ya zauna cikin kwalbati ya zama ƙaya, duk abin da ruwa ya kwaso a nan yake maƙalewa. Na je na gaya wa mai gari, ya ce in yi haƙuri. Haƙurin mi? Hadari yana haɗuwa kullum a gabas.

Ruwan farko mai ƙarfi da ya sauka, muna kallo ya cika lungu, ya dawo, ya jiƙa gindin rumbu. Da la'asar rumbun ya zauna. Geron shekara guda ya bi ruwa, abin da muka tsamo ya tsira cikin kwana uku. Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Da aka sako Baba, su waɗancan masu sunkuyar da kai suka zo, ba kunya, wai ya taimaka. Ni na ce kada ya je. Ya tashi ya bi su. Ya tuɓe riga, ya kutsa kwalbatin da ƙyar, da rarrafe, ya lalubo guntun wayar, ya murɗa ta hagu sau uku, ya ja. Ta fito salin alin. Kafin a kira azahar ruwan unguwa ya janye tas.

Ba wanda ya ba shi haƙuri, ba a kuma mayar masa da injin ba. Ya koma rijiyoyinsa, ya yi shekara goma sha ɗaya yana yasa. Amma tun daga ranar nan kalmar ba ta ƙara fita daga bakinsa ba. In jikansa ya kai hannun hagu cikin akushi, sai dai ya taɓa masa hannun ya ce, "Ba da wanga ba." Har ya rasu haka yake cewa.

Ni kam ina faɗinta, a kasuwa ma da ƙarfi nake faɗi. Hauni. Wanda bai gane ba ya tambaya.