Idon Mesar Babana

A shekarun alif ɗari tara da tamanin ni saurayi ne mai ji da kansa, ina aiki a tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Ina da farar riga mai guga da sabon keke, kuma akwai abu ɗaya da ban taɓa bari abokan aikina su sani ba: mahaifina gardi ne. Shekara talatin ya yi yana wasa da macizai a kasuwar Gashua da ƙauyukan gefenta, da wannan sana'a ya yi mini makaranta. Da tsufa ya zo, sai ya saki macizansa a fadama, ya bar guda ɗaya, wata 'yar mesa mai sanyin hali wadda ba ta da dafi, tsawonta bai wuce hannu ba. Ba ya wasa da ita. Tun rasuwar mahaifiyata zama kawai suke yi tare a zaure.

A wata bazara ciwon ƙirji ya kwantar da Baba a asibiti. Ƙanwata da ke jinyarsa ta ce ita ko kallon mesar ba ta iyawa. Da na je dubiya ya riƙe hannuna, ya roƙe ni in tafi da ita Nguru, ya ce ta kusa saɓa, wato tuɓe tsohuwar fata. Ya fara yi mini bayanin yadda zan kula da ita, ni kuwa hankalina yana kan motar da za ta tashi. Ina ta cewa to Baba, to Baba, amma ban riƙe komai ba.

Da na iso sai na sa ta a kwali, na tura ƙarƙashin gado, a ɗaki mai rufin kwano, cikin zafin nan na Nguru da ke busar da komai. Bayan kwanaki launinta ya dushe, idanunta suka yi fari-fari, ta ƙi cin ɓeran da na kama mata. Fatar ta fara fita guntu-guntu, maimakon ta fita gaba ɗaya kamar safa yadda na saba gani a gida. Ta maƙale a wuya da kai. Mesar kuwa wuni take yi tana goga jiki da kwalin, har maƙwabcina ya tambaye ni ko gafiya ce ta shigo mini. Baba ya aiko wani direba da saƙo, ya ce in ta yi wahala in jiƙa ta a ruwa mai ɗumi cikin daro, in sa mata jiƙaƙƙen buhu da dutse mai kaushi, kuma kada in kuskura in ja fatar da hannu.

Na ji saƙon sarai. Amma famfonmu ɗaya ne a tsakar gidan haya, kowa zai gan ta, kuma ran Lahadi abokan aikina za su zo cin abinci ɗakina. So nake ƙarar nan ta ƙare. Sai na kulle ƙofa da tsakar rana, na zauna ina ɓare wa mesar fata a bushe. Ta bar ni, ko huci ba ta yi ba. Da na zo kan idonta na dama na ga wata 'yar fata kamar farce ta manne a kai, sai na sa tsinken tsintsiya. Ta yi wata irin zabura, ta dunƙule ta cusa kanta cikin jikinta. Washegari idon ya kumbura yana ruwa.

A nan ne kunya ta bar ni. Na fito da daro tsakar gida, matan gidan suka watse da ihu, na jiƙa ta yadda Baba ya ce. Kafin a yi la'asar ta shiga buhun nan tana goga jiki da dutsen, sauran fatar ta salluɓe da kanta. Na zauna ina kallon sauƙin abin, hawaye na zuba. Idon dai bai dawo ba.

Da aka sallami Baba na mayar masa da ita Gashua. Ya karɓe ta, ya bi jikinta da yatsunsa a hankali har ya tsaya a kan idon. Ya tambaye ni ko ta cije ni lokacin, na ce a'a. Sai ya ce, "Ai ta ji ƙamshina a hannunka." Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya sa ƙanwata ta kawo tabarma, ya zaunar da ni kusa da shi. Ya nuna mini yadda ake riƙe ta, da yadda ake gane ta kusa saɓa daga launin cikinta. Ya ba ni labarin ranar da ya tsince ta a bakin kogi, masunta sun kusa kashe ta. Daga nan ya shiga labarin yadda ya haɗu da mahaifiyata a wajen wasa, ita kaɗai ce ba ta gudu ba. Ban taɓa jin wannan ba. Ya ce tun ina ƙarami yake jiran ranar da zan tambaye shi wani abu game da aikinsa. Na yi masa alkawarin dawowa bayan mako biyu, aiki ya riƙe ni, na ɗaga, na sake ɗagawa. A daminar nan Allah Ya karɓi abinsa.

Mesar ta zauna a hannuna shekara biyar, a fili, kowa ya sani. Yau na tsufa, na fi shekarun da Baba ya rasu a kai, amma har yanzu akwai tambayoyin da nake tarawa kamar zan je Gashua in same shi a zaure. Wuni ɗaya tak na zauna na saurare shi, kuma sai da na makantar da abin da yake ƙauna na samu wunin. Abin da zan gaya wa masu karatu shi ne, duk abin da aka ba ku amana, ko dabba ce, kada gaggawa ta sa ku yi mata da ƙarfi. Wanda kuma yake da mahaifi a raye, kowace irin sana'a ya ciyar da shi da ita, ya je ya zauna kusa da shi ya yi masa tambaya tun akwai mai amsawa.