Ranar da Sale Ya Shiga Intabiyu Ya Tarar da Surukinsa

A duk tsawon aikina ban taɓa mantawa da ranar da aka yi wa Sale mai ƙofar ruwa intabiyu a ofishinmu na shiyya, tsakanin Kura da Bunkure ba. Duk sanda ɗayanku ya zo ya ce, "Baba Uba, an kira ni intabiyu, koya mini amsa," ranar nan ce take fara faɗo mini a rai. Gara in ba ku labarin gaba ɗaya, ku daina yi mini kallon tsoho mai kewaye-kewaye.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina akawu a ofishin rabon ruwa. Ga wanda bai san aikin ba, ruwa yana tahowa ne daga madatsa ta babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana, kowane ƙarami da ƙofarsa ta ƙarfe. Mai ƙofa shi ne yake buɗewa ya rufe da wani ƙarfe mai hannu da muke ce wa makulli. Kowane rukunin gonaki da ranarsa. In aka ba na kusa da ƙofa ruwa a ranar da ba tasa ba, na ƙarshen layi ne zai wayi gari alkamarsa ta yi yaushi.

Masu ƙofa iri biyu ne a lokacin. Akwai na dindindin masu albashi da fansho, akwai kuma 'yan wucin gadi da ake iya sallama ranar da aka ga dama. Sale ya daɗe cikin na biyun. Iyayensa Fulanin zaune ne, cuta ta shiga garkensu ta share shanun, shi kuma ba shi da wata gonar kirki, ga mata ga yara ƙanana. Ana nan sai gwamnati ta tsuke bakin aljihu, saƙo ya zo daga Kano cewa za a ɗauki 'yan kaɗan aikin dindindin, sauran a sallame su da an girbe alkama. Intabiyu ɗaya za a yi. Wanda ya faɗi, shi ke nan, sai ya miƙa makulli.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, matata ma cewa take da kunne ana sayarwa da na sayi na uku. Kuma da yake jami'in ma'aikatanmu, Mista Okon, Hausarsa ta cinikin kasuwa ce kawai, ni ne tafintan kwamiti, na sha jin tambayoyin har na haddace su. Ba wani sirri ba ne, su ɗin ne dai ake juyawa. Kai wane ne? Me ya sa kake son aikin nan? Me ka fi iyawa? Ina ka gaza? Sai ta ƙarshe, wadda kwamiti ya fi ba wa nauyi: ka taɓa hana wani babban mutum ruwa a ranar da ba tasa ba, wane ne shi, kuma yaya kuka ƙare? Duk wanda ya nema, bayan azahar nakan zaunar da shi gindin mangwaron ofis, in zama injiniya, shi ya zama mai neman aiki.

Da Sale na sha wuya. Na ce, "Kai wane ne?"

Ya ce, "Bawan Allah."

"Mu ma duk bayin Allah ne. Me ka fi iyawa?"

"To, Malam Uba, sai dai abin da Allah ya sa aka iya."

Na ce ya buɗe baki ya faɗi aikinsa, ya ce shi a gidansu an koya masa yabon kai jahilci ne. Na ce a gidanmu kuma an koya mana ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun yi kwanaki muna wannan ja-in-ja, har na gano masa hanya. Na ce, "To kada ka yabi kanka, ba da labarin ruwa. Kada ka ce ka iya, ka faɗi yadda ruwa yake tafiya daga ƙofarka har gonar ƙarshe." Wallahi sai ga Sale yana zuba kamar an buɗe kanal. Ya san inda ciyawa take toshe hanya, ya san inda ɓera yake huda gefen kanal, ya san yadda ake rage ƙofa in ƙasa ta sha ta ƙoshi. Na ji daɗi ƙwarai.

Tambayar ƙarshen nan ce kawai ta gagare mu. Da na jefa ta sai ya kama zanen ƙasa da tsinke, ko ya ce an kusa la'asar. Na ce, "Sale, ko ba ka taɓa hana kowa ba ne?" Ya ce, "An dai yi ta fama." Na ce, "Da wa?" Ya ce, "Da jama'a." Abin ya tsaya mini a rai. Na bi ta hannun abokan aikinsa, na bi ta hannun mai shayin bakin hanya, ba wanda ya san komai. Ni da nake taƙamar ba a ɓoye mini labari a shiyyar nan, na haƙura ba don na so ba.

Ƙa'idar kwamiti ita ce mutum uku su zauna: injiniya daga Kano a matsayin shugaba, jami'in ma'aikata, da wakilin manoma. In ɗaya ya tashi, zaman ya rushe. Wakilin manoma kullum Sarkin Noma ne, amma da safen ranar aka yi masa rasuwa a Madobi, sai ya turo Malam Hadi a madadinsa, wani dattijo mai makarantar allo ta wajen Bunkure, manomin tumatir. Aka ba shi kujera, aka fara kiran mutane.

Da aka zo kan Sale na leƙa na kira shi. Ya shigo da rigarsa ta sallah, ya yi sallama da ƙarfi kamar yadda na koya masa, ya ɗaga kai. Sai na ga mutum ya daskare. Ya ja da baya zuwa bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen bango, kai a ƙasa. Na duba Malam Hadi, na ga shi ma ya kau da fuska yana kallon taga, yana jan carbi da sauri.

Injiniya Bashir, shugaban zaman, ya ce da Sale, "Malam, ga kujera."

Shiru.

"Faɗa mana sunanka."

Shiru. Na matsa na raɗa masa, "Sale, lafiya? Kai wane ne fa ake tambaya, wadda muka fi maimaitawa." Bai ɗago ba, ya ce can ƙasa-ƙasa, "Baban mai ɗakina ne."

Nan take na gane Malam Hadi yake nufi. Na san matarsa 'yar wani malami ce, ban taɓa tambayar wane malamin ba. Ku yaran yanzu da kuke kallon ƙwallo tare da surukanku ba za ku gane ba. A lokacin, musamman a gida irin na su Sale, mutum ya hango surukinsa a hanya sai ya ratse cikin dawa. Ba ya zama a kujera a gabansa, ba ya cin abinci, ba ya ambaton sunansa, balle ya buɗe baki ya lissafa gwanintarsa.

Na fassara wa Mista Okon. Na zaci zai yi faɗa, sai na ga ya ajiye biro ya gyara zama. Ya ce in tambaya, sun yi rigima ne? Na ce a'a, girmamawa ce. Ya ce, in ya yi magana me zai same shi? Na ce ba abin da zai same shi. Ya ce, to me ya hana shi? Na girma cikin abin nan, ni ma haka nake yi wa nawa surukin, amma ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Na ce masa, "Kunya ce, ranka ya daɗe," ya ce wannan kalmar ya sha jin ta, kullum kuma da sabon aikin da take yi.

Injiniya ya ce tunda akwai dangantaka, Malam Hadi ba zai ba da maki ba, wannan a fili yake. Amma in ya fita zaman ya rushe, su kuma yau za su koma Kano da sakamako, babu wata rana. Malam Hadi ya yi gyaran murya, ya ce da ni, "Malam Uba, tambayi baƙon nan. Dokarsu cewa ta yi in zauna, ko cewa ta yi in kalla?"

Mista Okon ya yi tunani, ya yi dariya, ya ce zama ta ce. Sai dattijon ya sa aka fitar masa da kujera baranda, aka ajiye ta daidai ƙarƙashin taga, ya zauna ya ba ɗaki baya. Hularsa kawai muke gani. Mista Okon ya ce tunda yana jin abin da ake faɗa, a wajensa zama ya cika.

Sale bai yarda ya hau kujera ba, aka bar shi a durƙushe. Injiniya ya yi tambaya, Sale ya juyo wajena ya amsa a hankali kamar ni na tambaya, ni kuma in ɗaga murya in maimaita. A haka labarin ruwa ya fito, da ciyawa da ɓera da komai. Da aka tambaye shi inda ya gaza ya ce karatun bokonsa kaɗan ne, amma yana zuwa ajin yaƙi da jahilci. Injiniya yana ta gyaɗa kai. Na fara sakin jiki.

Sai tambayar ƙarshe ta zo. Sale ya sunkuyar da kai. Injiniya ya maimaita, ya ƙara da cewa, "Ka ga, Malam Sale, mai ƙofar da ba zai iya cewa a'a ba, ba mu da aikin da za mu ba shi. In ba ka taɓa yi ba, ka ce ba ka taɓa yi ba." Na ga Injiniya ya ja takarda zai rubuta. Raina ya ɓaci, na ji kamar in girgiza Sale, ga abincin 'ya'yansa zai zube a kan kalma ɗaya.

"Ni ne."

Daga taga muryar ta zo. Malam Hadi bai juyo ba.

"Injiniya, ni ya hana. Bara na dasa tumatir, rana ta buɗe, ranar ruwana kuwa da saura. Na san yaron nan ba zai iya ce mini a'a ba, shi ya sa ban aiki kowa ba, na je da ƙafata. Da ya hango ni sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kamar yadda kuka gani ɗazu. Amma a kan makullin ya durƙusa. Na ce a ɗan sakar mini ruwa. Shiru. Na sake faɗa. Ya ce, Allah ya huci zuciyar Malam. Ina tsaye yana durƙushe har rana ta take. In ce masa tashi in ɗauki makulli da hannuna, girmana bai bar ni ba. Na juya na tafi gida. Gefe guda na tumatirin ya ƙone, na daɗe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye muku ba. Amma ranar ta mutanen ƙarshen layi ce, ba tawa ba. Abin da na sani ke nan, maki kuwa ba hannuna."

Ashe abin da na yi ta haƙa a gindin mangwaro ke nan. Na fassara wa Mista Okon. Ya ce in tambayi Sale ko haka aka yi. Sale ya ce da ni, "Ka ce masa Malam ba ya faɗin abin da ba a yi ba."

Bayan 'yan makonni sunayen waɗanda aka ɗauka suka zo daga Kano, da na Sale a ciki. Ya riƙe ƙofar nan har ya yi ritaya.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne abin da ya faru a baranda da aka tashi a ranar. Sale yana gefe yana jiran surukinsa ya wuce kafin ya sa takalmi. Malam Hadi ya kama kekensa, ya tsaya kusa da ni, ya ce, "Malam Uba, ka gaya wa yaron nan ranar Talata ruwana, kada ya makara."

Na juya zan isar da saƙo, Sale ya riga ya ji. Ya ce, kai a ƙasa, "Ka ce wa Malam Laraba ce."

Dattijon ya hau kekensa, na ga kafaɗarsa tana motsi. Dariya yake yi.

Shi ya sa in kun zo mini nake fara tambayarku su wa za ku tarar a ɗakin, kafin mu taɓa ko tambaya ɗaya. Ku koyi amsoshin, suna da amfani, su suka kai Sale har bakin tambayar ƙarshe. Amma aikin rabon ruwa tsakanin 'yan uwa da surukai ake yin sa, kuma wanda zai faɗi ko kai wane ne, sau da yawa shi ne wanda ka taɓa hanawa. Ruwan Malam Hadi kuwa, a makon nan ranar Laraba ya zo.