Gwangwanin da Dikko Ya Ajiye a Bayan Jere

Dikko ɗan Gwaggo Aisatu ne, ƙanwar mahaifina, saboda haka taubashina ne tun kafin ya zama mijin ƙanwata Habsu. An haife shi a Adabka shekara huɗu bayan haihuwata. Ni na yi makaranta na zama akawu a sashen gona na ƙaramar hukuma a Bukkuyum, inda babban aikina shi ne rubuta ranar da aka yi ruwa a kowace gunduma da yawan da ya sauka. Shi kuwa aji uku ya yi ya gudu. Malaminsu ya ce ba rashin kai ba ne, zama a benci ne ba ya iyawa.

Haka ya tashi. Ya yi koyon ɗinki a Gummi wata bakwai ya bari. Ya bi wani mai fataucin shanu zuwa kudu sau biyu, ya dawo ya ce tafiyar ta yi masa sanyi. A 1996, shekarar da aka ba mu jiharmu, ya sami babur ya fara kabu-kabu tsakanin Bukkuyum da ƙauyuka, da damina kuma ya haɗa da noman gonar gadonsu. In ya zo ofishinmu ba ya shiga. Sai ya tsaya a bakin taga, ƙafa ɗaya a ƙasa, inji na ruri.

"Akawu, yau ma kana nan kana ƙirga ruwan Allah?"

"Ina nan. Kai kuma wa ya biyo ka?"

"Ba kowa. Ku ne dai kunka zamna har kujera ta san ku."

Daminar 1997 ce ta kai shi ga ƙwaya. Ruwa ya zo a jere, ciyawa ta rufe gero kafin ya gama noman farko. 'Yan ƙodago sun daɗe da sanin wata ƙwaya da suke kira a-ji-garau, mutum ya sha da safe ya yi ta noma har la'asar bai ji yunwa ba, bai ji gajiya ba. Dikko ya sha. Aikin kwana shida ya yi shi a kwana biyu, ya zo yana ba ni labari kamar wanda ya gano rijiya a tsakiyar daji. Na ce masa jiki ba babur ba ne. Ya ce ai shi ma babur ɗin mai ake zuba masa.

Daga nan ba damina ba rani. Ya rame, idanunsa suka faɗa, magana ta yi masa yawa. In yana gaishe da Gwaggo, kafin ta amsa ta farko ya kai ta uku.

Bayan da aka ƙaddamar da Shari'a, masu kawo ƙwayar suka ja baya, ta yi wuya a kasuwanni. A lokacin ne Dikko ya haɗu da wani mutum a tashar Anka, ana ce masa Tsoho ko da yake bai tsufa ba, wanda ya yi shekaru a kudu. Shi ya nuna masa cewa ana iya haɗa irin abin a gida. Ban san abin da suke haɗawa ba, ban kuma taɓa neman sani ba. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Akwai tsohon ɗakin awaki a bayan gidan Dikko. Ya kori awakin, ya sa ƙofa da kwaɗo. In ya shiga ya rufe, wani wari ke fitowa, mai kama da ƙonanniyar roba, yana kama maƙogwaro. Kajin Habsu biyar suka sha ruwan da ke gangarowa daga ƙarƙashin ƙofar suka mutu rana ɗaya. Fatar tafin hannunsa ta saɓule. Ya kama tari mara ƙarewa. A watan Maris na 2001 wuta ta tashi a ɗakin da hantsi, ta cinye rabin jinka, ta ƙone masa gira da gefen gemu. Ya gaya wa maƙwabta cewa fetur ɗin babur ne.

Garin da yake samu fari ne mai duhu-duhu. Yana ƙulla shi a leda ƙanana, 'yan kabu-kabu da 'yan ƙodago da masu haƙar rijiya suna karɓa. Babban haɗarinsa shi ne haɗin yau ba ya zama ɗaya da na gobe. Wani ɗan ƙodago, Jatau, wanda ya saba shan ƙulli ɗaya, ya sha ƙulli ɗayan nan a wata gona a Yargalma, ya faɗi a kan kunya bai tashi ba. Mutane suka ce zafin rana ne. Dikko ya je ta'aziyya, bai iya zama a tabarma ba.

A lokacin Habsu na da ciki na uku. Na same shi a ƙofar gida yana goge babur ɗin da ba shi da datti.

"Dikko, ƙanwata na da juna biyu, tana shaƙar wannan abu kullum."

"Ɗakin na baya ne, Akawu. Iska daji take kai shi."

"Ni ke rubuta inda iska ke bi. Tsakar gidanka take bi."

Ya yi dariya, ya ce in bari damina ta wuce, zai rufe ɗakin ya mayar da awaki. Na yarda don ina son in yarda. Ban gaya wa kowa ba.

A ƙarshen Yuni labari ya iso cewa jami'ai na binciken gidaje a wajen Gummi, suna tafe. Dikko ya kwashe tukwane da jarkoki ya binne a gona, ya share ɗakin, ya watsa kashin awaki a ciki. Saura garin da ya riga ya haɗa, wanda bai iya zubarwa ba. Sai ya yi dabarar da duk ɗan ƙasar nan zai ce ta yi. Baƙon namiji ba ya shiga ɗakin matar aure, balle mai tsohon ciki. Ya juye garin a gwangwanin madara, ya faki idon Habsu, ya tura shi bayan jerenta, wato kwanonin aurenta da ke shirye a bango har sama. Bai gaya mata ba.

Abin da ya manta shi ne, daga ranar da mace ta haihu ɗakinta ya tashi daga hannunta da hannun mijinta. Na tsofaffi ne har kwana arba'in. Su ke dafa ruwan wanka, su ke dama kunu, kuma ba lungun da ba sa sa hannu.

Habsu ta haihu ranar Alhamis, biyar ga Yuli, ɗiya mace. Gwaggo Aisatu ta tare a ɗakin da tabarmarta. Ranar Litinin, tara ga wata, na je Adabka karɓar takardar ruwan sama daga malamin gona, na biya in ga jaririya. Dikko ya fita da babur tun da safe.

Ga abin da ya faru kafin isowata, kamar yadda Gwaggo ta faɗa daga baya. Bayan wankan safe ta tashi dama kunun kanwa, wanda mai jego ke sha kullum. Kanwar da aka daka ta kusa ƙarewa. Ta san Habsu na ajiye kayan yaji a gwangwanayen madara, sai ta laluba bayan jere, ta ci karo da gwangwani cike da farin gari. Idonta ya yi rauni. Ta ɗebo ta ƙara a kan sauran kanwar. Da wata rana ce da ta ɗanɗana, amma Gwaggo ba ta barin azumin Litinin da Alhamis.

Habsu ta kurɓa ta ce, "Gwaggo, kunun ga da ɗaci."

"Mai jego ba ta zaɓe. Shanye, ƙashinki ya yi ƙwari."

Ta sha rabin ƙwarya don kunya, sauran ta ɓoye a bayan gado.

Da na shigo da sallama, Habsu na tsakar gida tana zagaye, mace mai kwana huɗu da haihuwa. Zufa ta jiƙa mata zane. Tana ta magana ba tsayawa, a kan daka, a kan kaji, a kan wani ɗankwali da ta ara wa wata shekara goma baya. Ta kama hannuna ta ɗora a wuyanta.

"Yaya, ji. Kamar ana sussuka a ƙirjina."

Matan maƙwabta suka taru. Wata ta ce iska ce, a kawo hayaƙi. Wata ta ce jijjigar masu haihuwa ce. Ana cikin haka ta yanke jiki ta faɗi, jikinta na karkarwa, jini kuma ya ɓalle mata. Na aika aka tare wata a-kori-kura da ta kawo taki. Muna ɗaukar ta sai ga Dikko. Ya kutsa ɗaki ɗauko mata mayafi, na bi shi don in ɗauki jaririya. Gwangwanin na nan a ƙasa kusa da ludayi, a buɗe. Na ga ya gan shi. Ya tsaya cak, abin da ban taɓa gani ya yi ba, sa'an nan ya sa ƙafa ya tura shi ƙarƙashin gado.

Hanyar ta jiƙe, motar ta kafe sau biyu. Dikko na gaba da babur, ya yi nisa ya dawo, ya yi nisa ya dawo. Sai bayan azahar muka isa asibiti.

Malamin asibitin ya auna ta, ya duba idanunta, ya sake aunawa. Ya fito baranda inda muke.

"Wane ne mijinta?"

Dikko ya matso.

"Mi tas sha yau?"

"Kunu," in ji Gwaggo. "Ni na dama da hannuna."

"Inna, kunu ba ya yin haka. Wannan ya yi kama da jijjiga, amma idonta da bugun zuciyarta na gaya mini wani abu daban. In na yi mata maganin wancan alhali wannan ne, ina iya ɓata lokacin da ba mu da shi. In akwai wanda ya san wani abu, ya faɗa yanzu."

Ofishin 'yan sanda na tsallaken hanya, ana hango tutarsa daga barandar. Dikko ya sauka ya nufi gindin dogonyaro inda ya jingine babur. Na bi shi. Ya sa makulli, ya cire, ya sake sawa.

"Akawu, in na faɗa, sai ya kai rahoto."

"Sai ya kai."

"Jatau ma za su tono."

"Wataƙila."

"Kai ka faɗa mishi. Ka ce ka ji ƙishin-ƙishin. Ni in yi gaba, in na kai Anka ba mai gani na."

"Ni ban san abin da ke ciki ba, Dikko. Zai tambayi mi da mi, ban da amsa. Kai kaɗai ka sani."

Ya hau babur ɗin. Ya taka, ya tashi. Na tsaya ina kallon sa, ban riƙe shi ba, don na san ba ya riƙuwa. Daga cikin ɗakin muka jiyo muryar Habsu tana kiran Gwaggo, tana cewa a ba jaririya nono, a ba ta nono. Dikko ya kashe inji. Ya bar makullin a jiki, ya haye barandar da gudu.

A gaban uwarsa ya faɗa. Ya lissafa wa malamin duk abin da ya zuba a haɗin, ɗaya bayan ɗaya, malamin na rubutawa a bayan kati. Gwaggo ta dube shi, ta dubi tafin hannunta na dama, ta zame ta zauna a ƙasa.

Aka yi wa Habsu allurai, aka rufe ta da jiƙaƙƙun zannuwa, aka ƙara mata ruwa. Da yamma aka wuce da ita babban asibiti, inda ta yi kwana goma sha tara. Ta rayu. Nononta ya ƙafe, wata Bafulatana maƙwabciyarsu mai goyo ce ta shayar da yarinyar, wadda aka raɗa wa suna Raihana ba tare da uwa ko uba a wurin ba. Likita ya ce zuciyar Habsu ta taɓu, kada ta ƙara daka, kada ta ƙara jan guga, haihuwa kuma sai an yi shawara.

Dikko bai gudu ba. Washegari ya kai jami'ai gonar, ya nuna inda ya binne kayan. Gero bai fito a wannan gefen ba shekara uku. An yanke masa shekara huɗu. Tsoho kuwa ba a ƙara ganin sa a tashar Anka ba. Gwaggo Aisatu ta rayu har 2003, kuma daga ranar nan ba ta ƙara dama wa kowa ko da ruwan gari ba. In aka ce ta taɓa tukunya sai ta ce hannunta ba shi da kyau.

Dangi suka matsa a raba auren. Ni ma ina cikinsu, na ma rubuta takardar da za a kai wa alƙali. Habsu ta karɓa, ta sa aka karanta mata, ta mayar mini.

"Yaya, shi ya sa ni cikin wannan hali, shi kuma ya hid da ni. Bari ya dawo in ga wanne ne a cikinsu zai shigo gidan."

Ya dawo a 2005, haƙoransa na gaba sun zube, tarin bai bar shi ba. Ba ya kabu-kabu yanzu, facin taya yake yi a bakin kasuwar Bukkuyum. Kafin ya fita kowace safiya sai ya ja ruwa ya cika randunan gidan, ya kai gero inji, abin da mazan unguwar suka yi wata guda suna yi masa tsiya a kai kafin su gaji. Habsu na zaune a inuwa tana tsince wake, in ta tashi da sauri sai ta dafa bango. Na tambaye ta kwanan baya ko ta gane wanne ne ya shigo gidan.

"Ina dai kallo," ta ce. "Miƙo mini faifan can."