Garkuwar Ƙofar Gidanmu

Ranar jajibirin Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya yaye buhun da ya lulluɓe allon da ya kafa a saman ƙofar gidanmu na Agege. Hadari ya haɗo ta wajen Ogba, raguna sai kuka suke a turke. Ni da Hadiza, 'yar Baffa Sale, yayan Baba, muna tsugune bakin kwata muna wanke tukwane.

Kakanmu tsohon soja ne, su biyun ya bar wa gidan. Baba mai zanen alluna ne, shi ke yi wa makarantu tambari, kuma ya yi wata guda yana wannan aikin. Garkuwa ce ya zana, jan layi ya raba ta biyu daga sama har ƙasa. Gefe ɗaya wuƙar fawa, sana'ar Baffa, ɗayan burushin fenti. A kusurwar sama, bisa wuƙar, ya keɓe ɗan fili ya sa begilar Kaka, ƙahon da yake busawa a soja. A ƙa'idar da ya koya, damar garkuwa ita ce damar wanda ya riƙe ta, can ake sa babba, can kuma ya sa wuƙar. Ga mai kallo daga titi kuwa, hagu ce.

Baffa ya tsaya a titi yana kallon allon, wuƙaƙen da ya wasa suna hannunsa. Jirgin ƙasa ya wuce, kwanon rufi ya girgiza. Sannan ya ce a hankali, "Ni da mahaifinmu ka tura hagu, hannun tsarki, kai ka ɗauki dama?" Baba ya fara bayani. Baffa ya ce, "Oga, ban yi boko ba, amma na san hannun da nake cin tuwo da shi." Ya kira Hadiza, ta tashi da kumfa a hannu.

Washegari kowa ya yanka ragonsa daban. Kafin damina ta wuce an sauke bulo a tsakar gida. Katanga ta bi ta kan inda muke zana 'yar gala-gala da gawayi, rijiya ta faɗa ɓangarensu. Sai dai in jiyo muryar Hadiza tana jan guga.

Yanzu Baba da Baffa duk sun rasu, 'yan haya sun cika gidan, fentin ya koɗe in ban da jan layin. Bara na je, na tsaya a cikin zaure ƙarƙashin allon, na fuskanci titi. Wuƙar da begilar suna hannuna na dama. Taku uku ne daga inda Baffa ya tsaya.