Garin da Nababa Ya Gina a Cikin Waya

Gyaran babur Nababa yake yi kusa da tashar Birnin Gwari, amma mutanen ƙauyensu da wani aikin suka san shi, wanda ba ya kawo ko sisi. Shi ne admin.

Ƙauyen, Tudun Abarshi, yana can gefen Damari, kuma shekara huɗu ke nan ba a kwana a cikinsa saboda 'yan bindiga. Da mutane suka watse, wasu Kaduna, wasu Funtuwa, sai ya buɗe musu guruf a WhatsApp. Da fari gaisuwa ce da sanarwar rasuwa. A hankali abin ya koma wasa, kowa ya ɗauki matsayi, ana yi kamar ba a taɓa tashi ba. Kowace safiya Nababa zai rubuta, "Gari ya waye a Tudu," sai kasuwa ta ci. Wannan ta ɗora kaskon ƙosai, wancan ya kora shanu mashaya. Doka ɗaya ya kafa: a wasan babu bindiga, babu mutuwa.

Riƙon dokar nan ne ya tsufar da shi. Hannunsa duk baƙin mai, yana goge hoton gawa da wani ya turo, yana raba faɗan iyakar gonar da babu mai iya zuwa. Wanda ya tsawatar wa ya kira shi ɗan kama-karya.

Babu gwanin wasan kamar Obed. A zahiri ɗan ƙodago ne a gonakin mutane, a guruf kuwa shi ne Mai Rumbu Bakwai.

"Ku matsa, talakawa! Buhu ɗari biyu bana, ban da rabon ɓeraye."

"Kai Obed, wandonka ma na aro ne," in ji Yero, wanda shi ma shanunsa arba'in duk a waya suke.

Lokacin girbi 'yan bindiga suka tare Obed a hanyar Kuyello, suka shige da shi daji har da wayarsa.

Nababa ya san ya kamata ya cire lambar Obed daga guruf nan take. Kafin ya yi, sai ga Ladi, matar Obed, ta tsaya masa a rumfarsa ta gyara.

"Yaya Nababa, don Allah kar ka cire shi. Duba nan." Ta nuna masa jerin waɗanda suka karanta saƙon safe, ga sunan mijinta a ciki. "Yana karantawa. Yana nan da rai."

Ya dube ta. Ya bar lambar. Aka ci gaba da wasa, har 'yan guruf suna rubuta, don su ƙarfafa mata gwiwa, cewa suna gadin rumbunan Obed har ya dawo.

Rana ta tara waɗanda suka kama Obed suka sake kiran Ladi. Ta rugo rumfar, ta buɗe muryar wayar.

"Kin ce ba ku da komai. Buhu ɗari biyun fa? Duk mun karanta."

Nababa ya karɓa. "Wallahi wasa ne, malam. Ni na ƙirƙiro shi. Ko garin ma babu kowa a cikinsa."

"Manya da ku, wasa? To shi Yero mai shanu arba'in, a ina yake zaune yanzu?"

Aka kashe wayar.

Ranar bai ƙara taɓa babur ba. Ya cire Obed, sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, mutum ɗari da tamanin da uku, yana ganin fuskar kowa a ƙofar gidansa na da. Ladi ce ta ƙarshe. Tana zaune a kan bencinsa tana kallon wayarta sanda guruf ɗin, mai sunan ƙauyen, ya daina amsa mata.

"Yanzu a ina zan riƙa ganinsa?" ta ce.



Washegari da hantsi wata tsohuwa daga Kaduna ta aiko masa da saƙon murya: "Ɗan nan, yau gari bai waye ba ne?" Ya saurara sau biyu, ya kifa wayar a kan benci, ya jawo sifana. Har yau Obed bai dawo ba.